Ranar da Ciyawata Ta Tafi Kiwo

Karnukana sun mayar da ƙofar gidana a Kankia ramuka, sai na sayo ciyawar roba daga Kano. Mai shagon ya ce in kafe ta da ƙusoshi. Na ce ni jikan manoma ne, ba mai koya mini zaman ciyawa. Na shimfiɗa, na danne da duwatsu.

Tsakiyar rani ne, ƙofata kaɗai ke kore shar. Maƙwabcina Baba Ilu ya shafa ta ya ce, "Ikon Allah. Malam, in ta yi iri ka tuna da ni."

Na manta da rani ake sakin dabbobi. Da hantsi shanun Kaikai suka hango ta. Wani bijimi ya kafa baki ya ja, karnukana suka cafke ɗaya gefen, sai ga filin ya tashi sama ɗungurungum. Bijimin ya yafa shi a ƙaho ya nufi Kusada, karnuka na biye. Na saki baki ina kallo, ban taɓa ganin kwarjini irin wannan ba.

Har yau Baba Ilu in ya gaishe ni sai ya ƙara da, "Malam, ciyawar ta dawo daga kiwo kuwa?"