Hantar Tarwaɗar Mamuda

Wani mutum ne a wajen Haɗeja, Mamuda mai kiwon tarwaɗa. In dai cika baki ne, kai, ko makaɗi sai ya sara masa!

Rannan wata malamar kiwon kifi ta zo garinsu. Ta ce 'ya'yan kifi suna da wasu sinadarai a hanta da hanji da ƙoda masu karya guba. "Amma fa 'yar kaɗan," in ji ta, "don hantar ƙanana ba ta gama ƙwari ba." Wannan "amma" ɗin Mamuda bai ji ta ba, yana can yana gyara hula.

Shi ke nan gari ya shiga uku.

"Nawa kifin tun suna ƙwai hantarsu ta nuna! Guba? Shayinsu ke nan!" in ji Mamuda.

Labari ya kai kunnen Hajiya Dije, wadda ta haƙa sabon tafki tana neman iri. Ta ce in gaskiya ne, kaf za ta kwashe. Amma sai ta gani da idonta, da magimfa, ganyen nan da masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya bugu.

Gogan naka ya daka zogale a ɓoye, ya tace a kwalba. Kore shar, wa zai gane?

Hajiya ta iso, jama'a sun cika. Ya ɗebo 'ya'yan kifi a roba, ya tuttula musu ruwan kwalbar. Tsul! Kifi sai wasa suke, wutsil-wutsil.

"Kin gani, Hajiya? Ƙari ma suke nema!"

"Ikon Allah!" in ji Hajiya.

Sai ga Badamasi, ƙanin matarsa, mutumin da duk duniya ba wanda ya yarda da Mamuda kamarsa. Ya taho yana haki, hannu duk kore.

"Yaya, ai roba ta yi kaɗan a nuna bajintarka. Magimfa na dako, turmi guda, na juye a babban tafki!"

Mamuda ya saki kwalbar ta faɗi. Wallahi har tausayi ya ba ni.

"Wace... wace magimfar?"

"Ta gaske mana, ta bakin kogi. Ba kai ka ce shayinsu ba ce?"

Aka ruga, ɗuuu! Ruwa ya yi fari fat. Jarin Mamuda gaba ɗaya ya juyo ciki sama, ko mai motsa wutsiya babu.

Badamasi ya leƙa, ya sosa ƙeya. "Yaya, ko waɗannan ba a sa musu hantar ba?"

Mamuda ya share gumi. "Barci... barci suke yi. Haka suke in sun ƙoshi."

Hajiya Dije ta gyara mayafi, ta saɓa jakarta.

"To Malam Mamuda, kar a tashe su. In sun farka ka aiko mini."