Minsharin Kaka a Bangon Coci

"…lafiya ƙalau, amaryata. Ya ƙarfin jiki?"

"Da ka gan ni a kwance ne? Tsaya nan bakin ƙofa, kada ka tako min ɗaki da wannan ƙafa taka kamar faranti."

Kakata ke nan, wadda ta haifi babana. Safiyar Lahadi ce, an buga ƙararrawar farko, amma ga ta zaune bakin gado da zanen zaman gida. Matar da ba a taɓa riga ta zama a bencin gaba ba, yau mako biyu ke nan ba ta leƙa coci ba. Kuma ni na jawo. Babana ya ce in je in fito da ita, ko kuma kada in sake nuna masa fuskata.

Mu 'yan ƙungiyar matasa ne muka haɗa wani fim na shiririta da wayar Mai Ganga, labarin dodon da ke haɗiye duk wanda ya makara zuwa sujada. Ni ne dodon, cikin kwalin firji, da tsumman goge ƙasa a ka. Sai muka rasa gurnanin da zai tsorata mutane. Mun gwada injin niƙa, mun gwada babur, duk ba su yi ba. Rannan na shigo na tarar da Kaka tana barcin rana, na ji abin da muke nema, na kai waya kusa da hancinta. Da a nan abin ya tsaya, da asiri ya rufu. To amma Ɗan Fasto ne mai haɗa fim ɗin, shi kuwa a gidansu ko allura aka ara maka sai ka yi godiya a gaban jama'a. Ya rubuta a ƙarshe da manyan baƙaƙe: godiya ta musamman ga kakar Dogo, wadda ta ba da muryar dodo. Aka haska a bango bayan sujada. Dogon nan kuwa ni ne, na so ƙasa ta tsage in shige, har yau in na tuna sai na ji zufa.

"Haba uwargida, kin zama tauraruwa kina ɓuya? Tashi ki shirya, masoyanki na jira."

"Allah wadan miji irinka. Mazan kirki suna kawo wa matansu turare, kai ka kai hancina kasuwa."

"Ai kaya mai kyau ba ya kwantai. Har mai jita ya ce in tambaye ki ko za ki riƙa yi musu babbar murya."

"Ka ce masa ya zo da kansa, in nuna masa muciya. Kai kuma, sandar rake, da aka sa ka a kwali wa ya ga bambanci? Sai da aka cire kwalin yara suka fara kuka."

"Ni ai gado na yi. Kowa ya ce hancinki ne a fuskata."

"Tir! Nawa ko barci yake yana aiki. Naka me ya taɓa tsinanawa ban da shaƙar ƙamshin tukunyar mutane?"

Na yi dariyar yaƙe, irin ta wanda ke naɗe tabarmar kunya da hauka. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Nan na durƙusa a bakin ƙofar.

"Kaka, na yi laifi. Ban nemi izininki ba, kuma na sa an yi miki dariya. Kunya ta hana ni barci. In kin ce in tsaya gaban jama'a yau in ba ki haƙuri, zan tsaya."

"Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Ka tsaya ka ce me? A sake tuna wa wanda ya manta?"

"To mu goge fim ɗin."

"Ka goge kunnen matan zumunta ma? Tashi, kana tare min iska." Ta murza bakin zanenta. "Yana cikin wayarka?"

"Yana ciki."

"Kunna."

Na kunna. Gurnani ya cika ɗakin, ya hau sama, ya tsaya kamar an shaƙe rago, sannan ya sauko da fito. Kazar da ke bakin taga ta yi tsalle ta bar wurin.

"Rantse ba ku ƙara masa komai ba."

"Allah ya gani, rage shi ma muka yi, lasifikar coci ba ta iya ɗauka."

Ta dafe kai. "Kai a tunaninka dariyar waɗancan ce ta zaunar da ni? Na yi wa rabinsu wankan jarirai, me za su gaya min? Kakanka ne. Shekara arba'in da bakwai yana cewa, baiwar Allah, kina minshari. Ni kuma ina cewa sharri ne, mace irina ba ta minshari. Sau ɗaya har gaban dattawan coci na kai shi, na ce yana ɓata min suna. Suka sa shi ya ba ni haƙuri. Ya cire hula ya ba ni haƙuri a kan gaskiyarsa, Dogo. Yanzu ni wa zan je in ba?"

Na kashe wayar, na mayar da ita aljihu.

Ta sunkuya ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta tono wani ƙaramin gwangwani duk tsatsa.

"Wannan a ƙarƙashin matashinsa na same shi bayan ya rasu. Shekara shida ina tunanin maganin mene ne."

Na buɗe. Auduga ce, an mulmula ta ƙanana ƙanana, daidai ramin kunne.

Muka kalli juna. Kafaɗarta ta fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share hawaye da bayan hannu.

"Munafukin tsoho! Ko sau ɗaya bai bari na gani ba." Ta miƙe tana neman ɗankwali. "Fita in sa kaya. Shi da ya sha shekara arba'in da bakwai bai gudu ba, masu jin na minti biyar ba za su hana ni coci ba."

"Gwangwanin fa, amarya?"

"Riƙe, gadonka ne. Tunda ka ce kai ne mijin yanzu, za ka buƙace shi."