Makulli Na Uku

Duk kasuwar Katako, daga masu katako har masu buhunan masara, babu mai hankalin Alhaji Isaka Mai Kwaɗo. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba sai a wajen farashi. Shekara talatin yana sayar da kwaɗon kulle ƙofa a bitik ɗinsa, wato shagonsa. Mahassada na cewa ba daga sana'a sunan ya fito ba, daga yadda wuyansa ke kumbura ne in zai yi jawabi, irin na kwaɗon bakin ruwa. Mu ba mahassada ba ne. Sana'a ce ta ba shi sunan, kumburin kuwa ƙari ne daga Allah.

Hikimar Alhaji guda ɗaya ce, amma ta ishe shi. Kowane kwaɗo yana zuwa da makulli uku. Alhaji ya ba ka biyu. Na ukun ya shiga wani zoben ƙarfe da ke rataye a ƙugunsa, mai nauyin da ya sa yake tafiya a karkace, ana jin ƙararsa tun daga bakin titi. In ka tambaya sai wuyan ya tashi.

"Amana ce. Kai mutum ne, za ka yar. Ni ba na yarwa."

Rabin ɗakunan ajiyar kasuwa yana iya buɗe su. Bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Yakan dai leƙa ya ga sabon kayan da maƙwabta suka shigo da shi, wannan kuwa bincike ne.

Bai yarda da banki ba. Bai yarda da kuɗin da ake turawa ta waya ba. Matarsa Hajiya Mariama ma sai ta nemi izini take buɗe firij. Irin wannan mutum ba a cutar sa, shi ya sa da wani Injiniya Ousmane ya zo, Alhaji ya gane shi nan take: mutumin kirki ne. Ga kwat cikin zafin Afrilu, ga shi yana kiran Alhaji "Musye Shugaba" alhali ba a taɓa zaɓensa komai ba.

Injiniya ya buɗe ƙyalle ya fito da wata ƙwandala mai ruwan zinariya. Kuɗin kirifto ne, in ji shi, kuɗin da ke zaune a intanet, amma shi ya ƙera masa jiki domin manyan mutane masu son taɓa dukiyarsu. A fuskarta akwai lamba, wadda kowa zai iya sawa a waya ya ga abin da ke ciki. A bayanta akwai tambari mai walƙiya da ke sauya launi. Ƙarƙashin tambarin akwai makulli, wato wasu haruffa masu tsawo. Duk wanda ya san su zai iya kwashe kuɗin daga ko'ina a duniya.

"Makulli!" in ji Alhaji, ya gyara zama. An shigo fagensa.

"Ni na buga shi, ni na rufe, na ƙone kwafin. Wallahi, Musye Shugaba, ko ni ban tuna shi ba."

Alhaji ya ji ƙaunar Injiniya ta kama shi, har ya yi masa kyautar da ba ya yi wa kowa. Ya zaunar da shi awa biyu yana koya masa falsafar makulli na uku: yadda mai hankali ba ya miƙa duka, yadda mai saye ba ya ƙirgawa in an yi masa fara'a. Injiniya ya fito da ɗan littafi yana rubutawa. Ladabi ke nan.

Farashin ƙwandalar ya yi daidai da garkar Alhaji ta Goudel, wadda ke bakin kogi, mai mangwaro goma sha biyu da salad da tumatir. Daidai ɗin ma abin mamaki ne.

"Alhaji, garkar da muke ci?" in ji Hajiya.

"Hajiya, tumatir ruɓewa yake yi. Kin taɓa jin intanet ya ruɓe?"

'Yarsa Anisa, da ke karatu a jami'a a Harobanda, ta juya ƙwandalar a hannunta, kanta a ƙasa.

"Baba, wanda ya buga haruffan ai ya gan su."

"Ya ƙone."

"Wa ya ga ƙonewar?"

"Ya rantse! Ke karatun lakwal ya cinye miki imani. Dubi tambari. Shekara talatin ina cikin kulle, in aka taɓa abu daga nesa nake jin warinsa."

Aka sayar da garka. Ƙwandala ta shiga akwatin ƙarfe, akwati ya sha kwaɗo bakwai, makullai ashirin da ɗaya suka hau ƙugun Alhaji. Karkatarsa ta ƙaru.

Dukiyar da ba a gani ba tana damun mai ita. Bayan wata biyu Alhaji ya sa aka jera kujeru a gaban bitik bayan la'asar, aka dafa shayi, aka kira 'yan kasuwa. Ya buɗe kwaɗo bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa tsakaninsu domin a samu damar yin mamaki. Ya ɗaga ƙwandala ga rana.

"Jama'ar Katako! Ku kuna ajiye buhu, ɓera yana ci. Ni na ajiye garka guda a tafin hannu. Babu ban-ruwa, babu taki, babu akuyar maƙwabci. Anisa, sa lambar nan a waya, ki karanta musu yadda ta haihu."

Anisa ta sa. Ta daɗe tana kallo. Ta faɗi wani abu da ita kaɗai ta ji.

"Ɗaga murya! Ba sata muka yi ba."

"Babu komai, Baba. Kuɗin sun shiga ran Talata. Sun fita ran Laraba."

"Wace Laraba?"

"Kashegarin ranar da ka saya."

Alhaji ya yi dariya irin ta masani a gaban jahilai. Ya zagaya da ƙwandalar kujera kujera, yana nuna tambarin. Lafiya lau yake, yana ta sauya launi abinsa.

"Ina aka fasa? Ina aka ɓalle? Kwaɗo bakwai! Ɓarawo ta sama ya shigo?"

Malam Halidu mai katako, tsohon da ya sayi kwaɗo tara a wurin Alhaji, ya ajiye kofin shayinsa.

"Alhaji, shi wanda ya ƙera maka wannan, makulli nawa ya ba ka?"

"Ɗaya."

"To."

Aka kira wayar Injiniya. Wata mata ta amsa da Faransanci mai daɗi cewa babu irin wannan lamba. Wata Bazabarma mai sayar da ƙanƙara ta ce, "Kala suuru, Alhaji," wato sai haƙuri, ta ɗauki kularta ta wuce.

Da ƙaramin mutum ne, da ya faɗi. Alhaji kuwa ya tsaya, wuyansa ya sauka, sannan a hankali ya sake tashi.

"Ku shaida," in ji shi, "wannan aikin ba na kowa ba ne. Ni na koyar da shi. Awa biyu kacal, ku ga abin da ya zama."

Maganar ta shiga kunnen jama'a fiye da yadda ya so. Da safe, kafin ya buɗe bitik, layi ya kai wajen masu masara. Malam Halidu ne a gaba, ya miƙa hannu, yana son makullansa na uku guda tara. Kafin azahar zoben ƙarfe ya zama fanko, makullan akwatinsa kuwa ya bar su a bitik. Ranar Alhaji ya koma gida a miƙe, babu ƙara, har Hajiya ba ta ji shigowarsa ba. Ya tarar da ita tana yanka tumatir ɗin da ta sayo, na garkar Goudel.

Ƙwandalar tana nan a akwatinta da kwaɗo bakwai, tambarinta cikakke. Alhaji yakan tuna wa mutane cewa har yau ba wanda ya iya sace ta, kuma gaskiyarsa ne.