Wuƙata da Turmin Mama Ladi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Asabar ba, ranar sunan jikana na fari, a tsakar gidana da ke Sabon Gari, a Minna. Waɗanda ke wurin su ne: ni, da surukina Alhaji Ndagi (mahaifin matar ɗana Usman, ya zo daga Bida da jama'arsa), da mahaucin da ke jiran ya sassara ragon suna, da wasu baƙi a kan tabarma. Mata suna cikin ɗakin girki, an ɗora doya a wuta.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne. Na yi aikin reluwe har na yi ritaya, kuma aikina shi ne ƙwanƙwasa ƙafafun tarago da guduma in saurari ƙararsu. Ban taɓa tsallake ƙafa ɗaya ba. A gidana ma haka nake: a wanke hannu, a yi bismilla, sannan a buɗe kwano. (Uwargida tana cewa ko atishawa zan yi sai na tsara ta.)

Kafin sunan na sa wani maƙeri ya ƙera mini wuƙar sara da ƙarfen sifirin mota. Faffaɗa ce, mai nauyi, ƙotarta an naɗe da fata. Da na fito da ita don in miƙa wa mahauci, Alhaji Ndagi ya karɓa, ya juya ta, ya yi murmushi.

"Ba laifi," in ji shi. "Amma ka san ƙira sai Bida. Na Minna suna dai koyo."

Da mai hankali ne da ya yi dariya ya wuce. Ni kuwa na ce wa mahauci ya dakata, ba za a sa wuƙar nan a jikin rago ba sai an jarraba ta a gaban shaidu. Na bayyana tsarin: za a fara da abu mai taushi, a hau zuwa mai tauri, sannan a koma kan mai taushi don a ga ko bakinta ya dakushe.

Abin da ya rage shi ne inda za a ɗora kayan sara. Na waiga sai ga wani ƙaton turmi a kife a gindin bango, an wanke shi yana shan iska. Turmin Mama Ladi ne, maƙwabciyarmu. Duk unguwa, Musulmi da Kirista, ba a biki sai an aro shi, domin taɓarya uku ke shiga cikinsa a lokaci guda. Na mirgino shi tsakiya. Na ƙwanƙwasa gindinsa da ƙotar wuƙa, na kasa kunne irin na aiki, na ce lafiyarsa ƙalau.

"Malam," in ji Alhaji Ndagi, "anya turmin nan…"

"Alhaji, tambaya sai a ƙarshe."

Ya ce to, ya gyara zama.

Na farko, gashin hannu. Na naɗe hannun babbar rigata, na goga, ta aske shi tas. Na biyu, tumatir. Na yanka shi falle-falle har ana hango rana ta ciki. Na uku, doya: sara ɗaya, ta rabu. Na huɗu, rake, a kan gaɓa, inda ya fi tauri. Bayan kowane sara nakan ɗaga wuƙar, in bi bakinta da farce, in zagaya da ita kowa ya gani babu giɓi. (Har wani baƙo ya ce ma sha Allah, wannan ya ƙara mini iska.)

Na biyar shi ne ƙashi. Mahauci ya sa tasa wuƙar ya ciro mini ƙashin cinyar rago, yana cewa, "Baba, a bi ta gaɓa dai, a hankali." Na ce masa gaɓa ta ragwaye ce. Na ɗora ƙashin a gindin turmi, na ja da baya, na kama ƙota da hannu biyu, na tuna da maganar Bida, na sauke da duk ƙarfin da fansho ya bar mini.

Ƙashi ya rabu biyu. Wuƙa ba ta tsaya ba. Ta nutse cikin itacen, sai na ji wata ƙara da na sani sarai, irin ƙarar da idan ƙafar tarago ta yi ake hana jirgi tashi. Tsaga ta bi turmin daga sama har ƙasa, ya buɗe a hankali, rabi ya kwanta gabas, rabi ya kwanta yamma.

Daidai nan mata suka fito. Uwargida a gaba da kwanon dafaffiyar doya tana tururi, Mama Ladi a bayanta, da wasu mata biyu kowacce da taɓarya, suna raha. Suka tsaya cak.

To, ga abin da har yau idan na tuna nake rufe fuska. Maimakon in ba da haƙuri, sai na ga jarrabawa ba ta ƙare ba, saura mataki na shida. Na sunkuya na ɗauki sauran tumatir, na yanka a tafin hannuna, na ɗaga sama na ce, "Jama'a, ku shaida, bakinta bai dakushe ba."

Babu wanda ya shaida. Uwargida ta ce, "Malam," sau ɗaya kawai, amma na ji sauran.

Mama Ladi ta matso, ta dubi wuƙar, ta dube ni.

"Baban Usman, wuƙa ta yi kaifi, barka. Sai ka daka mana sakwarar da ita."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta durƙusa ta haɗa ɓangarorin biyu kamar za su manne, ta ce na mahaifiyarta ne, icen kirya, a kafaɗa ita Mama Ladin ta ɗauko shi daga ƙauyensu ranar da aka kawo ta gidan miji. Sannan ta ɗauki rabi, ta ce a aika mata da ɗayan.

Doya kuwa ba ta jiran kowa. Ni da nake hana yara gudu a tsakar gida, ni ne na bi layi da sassarfa cikin babbar riga, ina sallama gida-gida ina neman aron turmi. Labari ya riga ni isa. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Da wuƙar ka zo, ko ka bar ta a gida?" Da ƙyar na samo wani ɗan ƙarami na dakan yaji, na saɓo shi a kafaɗa. Kafin in iso doya ta huce, sakwara ta fito da gudaji, ga ƙamshin barkono.

Alhaji Ndagi ya ci abinsa. Sai dai duk gudajin da ya tsinta yakan jera shi a gefen faranti, yana faɗa a hankali, "Na farko. Na biyu." Da ya wanke hannu ya juyo gare ni.

"Malam, an zo ƙarshe? Tambayata ita ce, anya turmin nan ba na mata ba ne?"

Abin da na koya shi ne, na jarraba wuƙa mataki shida, amma ban tambayi abin da ke ƙarƙashinta ko na wane ne ba. Kuma tambayar da aka ce sai a ƙarshe, wani lokaci ita ya kamata a fara ji.

Wuƙar tana nan, ko wasa ta ba a yi ba. Turmi ne ya gagara. Na sayo daga Kasuwar Kure na kai wa Mama Ladi, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kasa kunne yadda nake yi, ta ce in mayar. Na sake kawo wani, shi ma haka. Muna gaisawa lafiya, amma duk bikin da aka yi a unguwa aka ci sakwara mai gudaji, ni ake kallo.

Don haka, mai karatu, idan ka san masassaƙin da ke yin turmin kirya mai cin taɓarya uku, ko a Bosso ne ko a wane ƙauye, don Allah ka kwatanta mini wurinsa. Na yi alkawari ba zan jarraba shi ba.