Yadda Za Ka Dawo Daga Isfaniya Ba Tare Da Ka Je Ba

Kai da ka bar gida da alwashin tsallake teku, ka ƙare kana ɗaukar bulo a Tamanrasat ta Aljeriya, zo nan. Ƙarya haramun ce, wannan na faɗa maka tun yanzu. Amma tunda ka ƙudurta, gara ka yi ta da tsari. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin cikin mako guda za a riƙa matsa maka wuri a kan tabarma. Haka Hambali na Gangara ya yi. Shekara biyu ya share a arewa, duk abin da ya samu ya sayi rago guda, balami fari, ya ɗaure don layya. Sauran arzikinsa kalma ɗaya ce.

Mataki na 1: Zaɓi kalma mai tsawo

Gajeriyar kalma ba ta tsorata kowa. Hambali ya tsinci tasa a waya, daga bakin mai sharhin ƙwallo: emocionante. Ma'anarta abin da ke motsa rai, ya sa zuciya tsalle. Furta ta "emosiyonante", ka ja ƙarshen, ka lumshe ido kamar ka tuna wani titi mai fitilu. Kada ka koyi ta biyu. Yawan ilimi shi ke jawo tambaya.

Mataki na 2: Shuka ta ko'ina

An zuba maka shayi a fada, wurin hirar samari? Emocionante. Hadari ya haɗo? Emocionante. Amma ban da wurin ta'aziyya, ka ji tsoron Allah. Gida ma ka kiyaye. Ranar da Hambali ya gwada ta a kan tuwo, matarsa Hassana ta ce, "Malam, in gishiri ne bai ji ba ka faɗa da Hausa."

Mataki na 3: Koya wa jama'a fassararta

Wannan shi ke tabbatar da kai malami. Kafin wata ya ƙare, har tsofaffin bakin masallaci sun san cewa in an ce emocionante, abu ya shiga rai ke nan. Chindo mai shayi kaɗai ke ta ƙwaƙwa.

"To abokina, ruwan sha fa, me suke ce masa can?"

"Can ba a roƙon ruwa, Chindo. Kawo maka ake yi."

Haddace wannan amsa. Tana aiki a kan abinci ma.

Mataki na 4: In baƙi sun zo, kada ka gudu

Za su zo. Turawa ba sa gajiya da zuwa kallon itatuwan gawo da manomanmu ke rainawa a gona. Da aka ce wata ƴar Isfaniya na tafe, maigari ya aika a kira Hambali ya yi tafinta. Direbanta ɗan lakol ne, ya yi boko, yana jin Faransanci da Hausa, saboda haka ture shi gefe, ka ce, "Wannan ba aikin ƴan lakol ba ne." Duk abin da ta faɗa, gyaɗa kai ka ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, tana gaisuwa." Hambali ya kai ta gona uku a haka. Ta yi gaisuwa sau goma sha ɗaya.

Mataki na 5: Kada ka bi da ita ta ƙofar gidanka

Nan ne Hambali ya yi sake, don yana so maƙwabta su gani. Suna isowa ragon ya tsinke igiya, ya ƙyale kowa ya nufi direba. Sau biyu suka zagaya mota kafin bawan Allah ya haye bisa. Baƙuwa ta tafa hannu tana dariya, ta ce, "Emocionante!"

Wannan karon ba wanda ke bukatar tafinta.

Maigari ya ce, "Hambali, kowa ya ji. Ragonka ya shiga ranta. Shekara biyu ka ci abincin ƙasarsu, yau ƴarsu ta yaba abu a ƙofarka a gaban jama'a. Sai mu bar ta ta tafi hannu sake?"

Chindo ya matso. "Sai fa in ba ka taɓa cin abincin nasu ba."

Mataki na 6: Zaɓi tsakanin rago da suna

Hambali ya dubi rago, ya dubi Chindo, ya ɗauko igiya. Baƙuwa ta yi ta girgiza kai tana kaɗa hannu. Ya yi wuf ya ce, "Ta ce ba ta so!" Wannan ce fassarar gaskiya ɗaya da ya yi a ranar.

"Ƴar gidan mutunci ce," in ji maigari. "Baƙon kirki dama sai ya ƙi. Ku ɗora."

Direba da kansa ya yi ɗaurin, ya ƙulle da kyau. Mota ta tashi, rago na kuka a bisa. Hassana ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, wannan kuma me ake ce masa da yaren naku?"

Gargaɗi

Na yi alkawarin tabarma, kuma har yau ana matsa wa Hambali wuri. Ban yi alkawarin layya ba. Wanda ya bi matakan nan ya rasa dabba, ko barci, ko ganin girman matarsa, kada ya zo ƙofata. Ranar Sallah ma kada ya aiko da kwano.