Notin Babur a Kunun Masallaci

Ko zan manta da komai na shekarun karatuna, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na hana masu azumi shan kunu ba.

Ni mutum ne da ko gaisuwata sai an matso ake ji. A gidanmu a Mabera, in ba a gan ni ba an san ina ɗaki da littafi. To akwai wani tsohon babur ɗin Baba da ya daɗe jingine a zaure, har kaza ta taɓa saka ƙwai a ƙarƙashinsa. Da na gaji da jiran motar makaranta cikin ranar Sakkwato, sai na yi ta maza na roƙe shi. Ya ce in na tayar da shi ya zama nawa, in na kasa kuma bayan sallah masu jari bola su ɗauka.

Da na kwance injin, na tarar tsatsa ta cinye notina da kusoshi da sarƙa. Na jiƙa da kalanzir, na goga da burushin waya har yatsuna suka sale, amma ta lungu ta ƙi fita. Sai na tuna abin da muka karanta, cewa abu mai tsami yana narkar da tsatsa. Na sayo tsamiya, na jiƙa, na tace ta tsaf don kada ƙwallo ya maƙale a ƙarfe. Ƙarafunan ma sai da na wanke su da sabulu har warin mai ya tafi. Sannan na zuba su cikin ruwan tsamiyar a wani bokiti mai murfi na Inna, na ajiye a inuwa kusa da madafa. Ban faɗa wa kowa ba (tsoron dariya nake yi, kar a ce ɗan boko yana yi wa babur kunu).

Abin ya yi aiki kuwa. Washegari da safe na tsame manyan, sun yi fes, na bar ƙananan notina a ƙasa su ƙara jiƙa, na tafi makaranta ina jin kaina injiniya.

Azumi ake yi, kuma al'adar gidanmu ce kullum Inna ta dama kunun tsamiya a kai masallacin unguwa sadaka. Na dawo a galabaice na kwanta, ban farka ba sai dab da magariba. Ina buɗe bokitin na ga an tsiyaye ruwan, sai laka da notina. Inna ta leƙo daga madafa fuskarta a sake.

"Allah shi maka albarka," ta ce. "Yau ka hutasshe ni da tatar tsamiya."

Ruwan tsamiya dama ja ne, tsatsa ba ta canza masa kama ba. Mai azumi kuma ba ta ɗanɗana abin da ta dama. Na tambaye ta ina kunun, ta ce Baba ya riga ya tafi da shi.

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na isa an shimfiɗa tabarmi a waje, dattawa sun jeru, kowa da kofinsa a gaba. Baba Dikko, tsohon da ke rabo, yana zuba na ƙarshe. Na tsaya a bayansa na ce kada a sha, amma da muryata ta kullum, wadda ni kaɗai na ji. Ladan ya gyara murya. Na ga hannaye sun nufi kofuna.

"Kada ku sha! Akwai babur a ciki!"

Abin da ya fito ke nan. Duk bayanin da na tsara a hanya, na tsami da ƙarfe, ya gudu. Ladan ya kira sallah ana kallona, babu mai motsi. Baba Dikko ya zura ludayi har ƙasa ya juya a hankali. Aka ji ƙaras. Ya ɗago da ɗan noti guda yana sheƙi, ya duba shi kamar zai saya.

"To wanga dai ya wanku," ya ce. "Saura tayoyin, ko sun narke?"

Har liman sai da ya rufe baki da rawani. Aka sha ruwa da dabino, wani maƙwabci ya aiko da koko. Babana kuwa ya karɓi notin ya sa a aljihu. A hanyar gida na yi zaton faɗa, sai kawai ya miƙo min shi, ya ce tunda aka haife ni bai san ina da murya haka ba.

Inna ba ta sake ni da sauƙi ba. Sauran azumin ni na riƙa tace tsamiya ina kai kunu, kuma kullum Baba Dikko sai ya juya ludayi yana kasa kunne kafin ya raba.

Babur ya tashi kafin sallah, notin nan yana jikinsa, da shi nake zuwa makaranta har yanzu. Duk unguwa Mai Kunu suke ce masa, ni ma haka nake ce masa. Abin da na koya shi ne, tsamiya tana cire tsatsa, wannan babu shakka. Amma maganar da ka ji kunyar faɗa wa mahaifiyarka a hankali a madafa, sai ka faɗe ta da ƙarfi a ƙofar masallaci.