Ranar da Na Kawo Yaƙin Duniya Cikin Aji a Matamaye

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, lokacin ina sabon malamin tarihi a wani kolej da ke nan Matamaye. Har gobe in abin ya faɗo mini a rai, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A shekarar ne wata ƙungiya ta ba lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, kyautar majigi da kwamfuta. Diraktanmu, dattijo mai tsoron kada kayan hukuma su lalace a hannunsa, ya kulle su a kabad ya jefa makullin aljihu. Ni kuwa ban daɗe da fitowa daga jami'a ba, kaina cike da iska. Na gano cewa manyan gidajen tarihi na duniya sun zuba kayansu a intanet kyauta: tsofaffin hotuna, jaridun da, taswirorin da za ka ga daula tana kumbura tana motsewa kamar ƙullin fanke. Kullum da yamma ina gindin wani dogonyaro kusa da tasha, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, ina ta saukewa a waya. Da safe kuma in ishi abokan aiki da wa'azi. "Zamanin alli ya wuce," in ji ni. (Ina faɗa, allin na cikin aljihun rigata.)

Ana nan sai aka ce konseye, wato jami'in da ke duba yadda muke koyarwa, zai zo daga Damagaram, kuma za a tara malaman tarihi na Kurni da Dungu da Icirnawa a lakwal ɗinmu. Dirakta ya kira ni ofis, ya ajiye makullin kabad a gabana.

"To, Mushe, ga fili ga mai doki. Ka nuna musu abin da ka daɗe kana damunmu da shi." (Mushe, haka ake kiran malamin makaranta a nan.)

Darasin 'yan ajin ƙarshe a lokacin shi ne Yaƙin Duniya na Farko. Ina da hotuna na gaskiya daga shafukan gidajen tarihi, amma baƙi da fari ne, dushi-dushi, ba su yi mini armashi ba. Ni so nake in girgiza mutane. Na shiga wani dandali da kowa ke jefa abin da ya ga dama, na ci karo da wani bidiyo. An rubuta masa da Faransanci cewa hotuna ne na ainihi daga fagen daga, an yi musu launi da na'ura. Na buɗe. Ga ramuka cike da taɓo, ga waya mai ƙaya, ga ruwan sama, ga kiɗa mai sanyaya jiki. Can sai ga wani dogon soja baƙar fata yana share fuska. Tsigar jikina ta tashi. Na rufe, na ce ya isa.

Kada ku ce rezo ne ya yanke, ko caji ne ya ƙare. Bidiyon ya sauka tsaf, yana cikin wayata. Ɗoki ne kawai ya hana ni kallonsa har ƙarshe.

Ɗokin nan ne ya kai ni zauren Alhaji Isufu, shugaban iyayen yara, mai babbar gonar rake a fadama. Ya taɓa ba ni labarin kakansa da Nasara suka ɗauka soja a wancan yaƙin, ya tafi ya bar mahaifin Alhaji a goye. Bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba kuma hoto.

Na ce, "Baba Alhaji, ranar Laraba ka zo ka ga inda aka kai su kakanka."

Ya dube ni. "Da gaske, Mushe? Har ana ganin fuskokinsu?"

"Ƙarara," na ce.

Ranar na sa aka toshe tagogi da tabarmi, aka rataya farin ƙyalle a jikin allo. Yara suka cika benci, malamai baƙi suka jeru a baya, konseye da Dirakta da Alhaji a kan kujeru a gaba. Na sa sabuwar shadda. Na yi jawabi mai tsawo kan yadda duniya ta dawo tafin hannu, har da cewa malamin da bai iya intanet ba makaho ne ke jan makafi. (Wani dattijon malami daga Kurni ya gyara zama.) Daga nan na roƙi kowa ya miƙe tsaye, a yi shiru na ɗan lokaci don girmama waɗanda za mu gani, domin duk sun riga mu gidan gaskiya. Har konseye ya tashi.

Na danna.

Aji ya yi tsit. Yaran da ba su taɓa nutsuwa a darasina ba suka saki baki. Alhaji ya ciro tabarau, ya jawo kujerarsa gaba. Da dogon sojan nan ya bayyana, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Mushe. Mayar da shi baya."

Na mayar.

"An ce dogo ne, kakan nawa," ya faɗa a hankali.

Maimakon in kama bakina, sai na ce, "Allah ne masani, Baba Alhaji, amma ba abin mamaki ba ne." Na ga leɓunansa suna motsi.

Bidiyo ya wuce inda na tsaya da kallo. Aka miƙo wa dogon soja wani ƙunshi. Na ce wa yara, "Kun gani, saƙo ne daga gida." Ya kwance ƙunshin, ya yi murmushi, haƙoransa fari fat. Sai kiɗan ya canza, ya koma irin na gidan biki. Sojan ya tuɓe rigarsa mai taɓo, ya tsoma a bokiti, ya ɗago ta tana walƙiya. Sauran sojoji suka fito daga ramuka, har da abokan gaba, kowa da bokitinsa, suna rawa suna juyi. Kumfa ta cika fagen daga. Daga sama wani ƙaton kwalin garin sabulun wanki ya sauko yana wulwulawa, ya tsaya cak a tsakiyar farin ƙyallena.

Talla ce.

Na yi tsalle zan kashe, sai na yi kuskure na ƙara sauti. Wata murya ta cika aji tana yabon sabulu cikin harshen da ba wanda ya sani. Da ƙyar Dirakta ya miƙa ƙafa ya fizge wayar kuran, wato ta lantarki.

A cikin duhun nan da shirun nan, da na yi shiru da ya fi. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Wannan yana nuna mana muhimmancin tsafta a fagen yaƙi."

Wata malama daga Dungu ce ta fara, wata irin dariya da ta daɗe tana dannewa. Daga nan aji ya fashe. Yara suna dukan benci, konseye ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na girgiza. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Isufu ya naɗe tabarau ɗinsa, ya sa a aljihu, ya yi sallama ya fita. Wannan fitar ta fi dariyar ciwo.

Konseye mutumin kirki ne. Da aka buɗe tagogi ya ce, "Abokan aiki, mu gode wa Mushe. Ya ba mu darasin da na zo da shi, ya ma fi nawa. Duk abin da ka samo, ka tambayi kanka: wa ya ɗauka, wa ya saka, don me?" Ya juyo gare ni. "Sannan a daure a kalla har ƙarshe." Dirakta ya matso. Hannu kawai ya miƙo, na sa masa makulli. Kafin a tashi, yara sun raɗa mini suna: Mushe Kumfa.

Bayan la'asar na bi Alhaji fadama. Na same shi zaune a bakin rijiya. Na durƙusa, na ba da haƙuri, na ce na yi wasa da abin da ba na wasa ba. Ya sari rake, ya fere, ya miƙo mini.

"Mushe, ba sabulun ne ya ba ni haushi ba. Ka san na riga na karanta wa dogon nan Ƙulhuwallahu?"

Na sunkuyar da kai.

"To, Allah Ya kai ladan inda ya dace." Sai ya yi dariya, har da tari. Da ya natsu ya ce, "Amma in akwai na gaskiya, ka nemo mini. Ko ba shi ba ne."

Na koma kan waɗancan hotuna masu dushi-dushi da na raina. A shafin wani ɗakin ajiye kayan tarihi na sami hoton sojojin Afirka a jere a bakin teku, an rubuta inda aka ɗauka da wanda ya ɗauka. Na bincika a wani shafin, na sake bincikawa, sannan na kai masa a waya. Ya sa tabarau, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa.

"Ko yana ciki, ban san shi ba," ya ce. "Amma waɗannan kam sun ga abin da suka gani. Dubi idanunsu." Ya riƙe wayar har hasken ya mutu, ya ce in sake kunnawa.

Majigi bai sake fitowa daga kabad ba sai da shekara ta juyo. Yanzu ni ke riƙe da makullin, kuma ina amfani da shi kusan kowane mako, don gaskiya akwai dukiya a intanet ga mai koyar da tarihi. Sai dai na gane kasuwa ce: akwai mai zinariya, akwai mai sabulu, kuma mai sabulun ya fi iya kiran ciniki.